Undertaker, Mutumin da Ya Yi Shekara Talatin Yana Kwaikwayon Matacce

Daga cikin wasannin da akwatin talabijin ya shigo da su gidajen mutane a ƙarshen ƙarnin da ya gabata, da wuya a sami wanda ya haddasa gardama tsakanin matasa kamar kokawar nan ta Amurka da ake kira reslin, domin kuwa ba a cika zama kallonta a gidan kallo, ko a zauren wani mai bidiyo, a tashi jama'a ba su rabu biyu ba, waɗansu suna rantsuwa cewa dukan da ake yi na gaske ne, waɗansu kuwa suna yi musu dariya suna cewa duk shiri ne. Daga cikin 'yan wasan kuma babu wanda aka jingina wa riwayoyi marasa isnadi kamar dogon nan mai baƙar malafa da ake kira Undertaker, wanda har aka riƙa yaɗa cewa ya mutu ya dawo, wai shi ya sa idanunsa suke juyewa su koma fari fat. Mai hankali ya san cewa wanda ya shiga barzahu ba shi da fitowa sai ranar tashin alƙiyama. Amma tun da mutumin ya ajiye sana'ar a 2020, ya kuma buɗe baki bayan dogon shiru, ya kyautu a ba da tarihinsa bisa yadda yake, don a ga abin da kowane ɓangare na masu gardamar nan ya dace da shi, da kuma abin da ya kuɓuce masa.

Sunansa na asali Mark William Calaway, an haife shi a birnin Houston na jihar Teksas ranar 24 ga Maris, 1965, shi ne kuma auta cikin 'ya'ya maza biyar. Da yake Allah ya ba shi tsawo, ƙwallon kwando ya fara sa wa gaba, har ya buga wa jami'ar Texas Wesleyan da ke Fort Worth, kafin ya bar karatun ya nufi kokawa. Wasansa na farko a Dallas ya yi shi cikin 1987, fuskarsa a rufe, da sunan Texas Red, aka haɗa shi da wani gawurtacce mai suna Bruiser Brody, wanda bai ɓata lokaci ba wajen gamawa da shi. Wanda ya rako shi dandali a wannan dare wani mai ƙiba ne da ake kira Percy Pringle, kuma a lokacin babu ɗayansu da ya san cewa ƙaddara za ta sake haɗa su. Daga nan sai yawon neman abinci: ya yi Memphis da sunan Master of Pain, sa'an nan ya shiga kamfanin WCW a ƙarshen 1989 da sunan Mean Mark Callous. A can ne, kamar yadda shi kansa ya sha ruwaitowa, mai tsara wasannin kamfanin, Ole Anderson, ya gaya masa a gaban idonsa cewa babu wanda zai taɓa fid da kuɗinsa don ya zo kallonsa.

Kafin a ci gaba, wajibi ne a warware mas'alar da aka fara da ita, gama wanda bai fahimce ta ba, ba zai gane inda gwanintar mutumin nan take ba. A kokawarmu ta gargajiya, in 'yan kokawa biyu suka kama juna, babu mahalukin da ya san wanda zai sha ƙasa, kuma da zarar an kai ɗaya ƙasa magana ta ƙare. Reslin kuwa tun kafin a buga ƙararrawa mai kamfani ya riga ya yanke wanda zai yi nasara, da yadda za a ƙare, da kusan mintocin da za a ɗauka. Su kuma 'yan wasan biyu, yayin da suke riƙe da wuyan juna kamar za su kashe juna, raɗa suke yi wa juna abin da za a yi na gaba, alƙalin wasa yana isar musu da saƙo daga bayan fage. Wannan ba zato ba ne, domin a 1989 wakilan kamfanin WWF da kansu sun yi iƙirari gaban majalisar dokokin jihar New Jersey cewa abin da suke yi nishaɗi ne, don su kuɓuta daga dokoki da kuɗaɗen da hukumar wasanni take ɗora wa gasa ta haƙiƙa. Har nan masu cewa shiri ne sun yi gaskiya. Sai dai dandalin da ake faɗawa a kai katako ne bisa ƙarafa, da 'yar shimfiɗa marar kauri a samansa, kuma ƙaton da ya haura kilo ɗari da talatin, in aka ɗaga shi aka maka, ƙasusuwansa ba su san cewa an shirya ba. Saboda haka babbar amanar sana'ar ita ce ka nuna wa dubban mutane cewa ka karya abokin wasanka, alhali kuwa ka sauke shi lafiya, ya koma wa iyalinsa da ƙafafunsa. Daraja kuma ba a yawan nasara ake auna ta ba, tun da nasarar kyauta ce daga mai kamfani. Ana auna ta ne da yawan mutanen da suka sayi tikiti domin kai.

Mai kamfanin WWF, Vince McMahon, mutum ne mai son ƙirƙiro wa 'yan wasansa siffofi, wannan ɗan sanda, wancan attajiri, wani kuma sarki. Lokacin da Calaway ya koma wurinsa a 1990, kamfanin yana ta tallar wani ƙaton ƙwai da aka ce zai fashe a wasan Survivor Series, kuma Calaway ya ba da labarin cewa hankalinsa ya tashi ƙwarai, yana tsoron kada a ce shi ne zai fito daga ciki. Allah ya kiyaye shi, wani ne ya fito cikin shigar talo-talo, jama'a suka yi masa ihu. Shi kuwa abin da aka tanadar masa shi ne siffar mai sana'ar jana'iza irin na ƙauyukan yammacin Amurka a zamanin da. A wurinmu wankan gawa da suturta ta da sallatarta da binne ta farali ne na kifaya, jama'ar unguwa suke tashi su yi don Allah. A can kuwa sana'a ce mai lasisi, ana biyan mai yin ta, kuma sunan mai wannan sana'a shi ne aka laƙaba masa. Ranar 22 ga Nuwamba, 1990, a birnin Hartford, ya fito a karon farko cikin doguwar baƙar riga da malafa da safar hannu, fuska a ɗaure kamar wanda bai taɓa dariya ba, har aka ga yara a cikin 'yan kallo sun yi tsit. Bayan 'yan watanni aka haɗa shi da mai rakiya, Paul Bearer, mai ɗauke da ɗan tulun ƙarfe irin wanda suke zuba tokar gawar da aka ƙone, wai a ciki ƙarfin Undertaker yake. Wannan Paul Bearer shi ne Percy Pringle na Dallas, sunansa na asali William Moody, kuma abin mamaki, shi da gaske ya yi karatun sana'ar jana'iza, yana da lasisinta.

Irin wannan siffa, da a hannun wani ta faɗa, da ba ta wuce shekara biyu ba ta zama abin ba'a, kamar yadda da yawa daga siffofin wancan zamani suka zama. Abin da ya raya ta shi ne haƙuri da kamun kai. Saurayi ne mai shekara 25, mai zafin nama, wanda zai iya tsalle ya haye igiya, amma ya tilasta wa kansa tafiya a hankali, da ƙin nuna jin zafi kome dukan da aka yi masa, har sai an tabbata ya kwanta ba ya motsi, sa'an nan ya tashi zaune farat ɗaya ya juyo da kai. Ya kan riƙe hannun abokin karawarsa ya hau igiyar sama ya yi tafiya a kanta, dabarar da ya ɗauko daga wani tsohon ɗan wasa mai suna Don Jardine, ya kan kuma gama da mutum ta hanyar juya shi kai ƙasa ya durƙusa da shi, wanda in da kuskure ya gitta da tazarar yatsa biyu, wuya ne zai karye. Mafi wuya duka, bai tuɓe siffar a bakin dandali ba. Shekara da shekaru ba ya yarda da hira da 'yan jarida sai nadiran, ba a cika ganinsa a filin jirgi ko a masauki ba sai cikin baƙaƙen kaya, yana mai ganin cewa muddin mutane suka gan shi yana raha a kasuwa, to, ba za su sake jin tsoro ba in an kashe fitilu aka buga ƙararrawar da take sanar da fitowarsa.

Shekara guda da zuwansa, a Nuwamban 1991, aka ba shi nasara kan Hulk Hogan, wanda a lokacin babu kamarsa, ya karɓi kambun duniya, ko da yake kwana shida kawai ya yi a hannunsa. Amma asalin jita-jitar mutuwarsa yana cikin abin da ya faru a Janairun 1994. A wannan dare ya kara da Yokozuna a wasan da sharaɗinsa shi ne a jefa mutum cikin akwatin gawa a rufe. Taron 'yan wasa suka taru a kansa suka rufe shi, hayaƙi ya tashi, hotonsa ya bayyana a majigi kamar daga cikin akwatin yake magana, sa'an nan aka nuna kamar ya tashi sama. Ba a sake ganinsa ba sai watan Agusta. Baɗinin al'amarin shi ne bayansa ne ya matsa masa, ya nemi hutu don ya yi jiyya. Haka kuma da aka binne shi da rai cikin ƙasa a gaban jama'a a Nuwamban 2003, ya ɓace har Maris na 2004, hutu ne da shirin komawa siffar matacce, wadda a lokacin ya ajiye ta. Watau abin da yara suka ɗauka mutuwa da tashi, mafi yawansa zaman jiyya ne na mutumin da sana'a take ci a hankali. A 1995 ma ƙashin kwarmin idonsa ya karye, aka yi masa aiki, ya dawo da abin kare fuska, kamfani kuma ya mai da abin kare fuskar wani sabon abin tsoratarwa.

Wanda yake son hujja guda ɗaya a kan cewa shiri bai hana haɗari ba, to, ya dubi daren 28 ga Yuni, 1998, a Pittsburgh. An kewaye dandali da ƙaton kejin ƙarfe mai rufi, aka haɗa Undertaker, wanda ya shigo da karyayyar ƙafa, da Mick Foley, mai wasa da sunan Mankind. Maimakon su shiga ciki sai suka haye saman kejin, Undertaker ya wurgo Foley daga tsawon kimanin ƙafa 16, ya faɗa kan teburin masu sharhi, teburin ya ragargaje. Wannan faɗuwa da saninsu aka yi ta. Aka ɗora Foley a gadon ɗaukar majiyyata, ya sauko ya sake hawa, Undertaker ya shaƙe shi ya maka a kan rufin, sai rufin ya ɓalle, ya zurma cikin dandali, kujerar ƙarfe ta biyo shi ta same shi a fuska, ya suma, daga baya aka ga haƙorinsa maƙale a hancinsa. Calaway ya faɗa daga baya cewa da ya leƙo daga sama ya ɗauka mutumin ya mutu, amma duk da haka dole ya tsaya ƙiƙam da fuskar matacce, domin siffarsa ba ta yarda a ga firgita a tare da shi ba. Masu sha'awa suna kiran wannan wasa abin tarihi. Ni kuwa a ganina ganganci ne da ya wuce haddi, kuma shekara guda ba ta cika ba Owen Hart ya faɗo daga rufin zauren wasa a Kansas City, a watan Mayu na 1999, ya mutu yana da shekara 34, aka kuwa ci gaba da wasa a wannan dare, Undertaker yana cikin waɗanda suka yi wasan ƙarshe.

Akwai kuma wani zamani, cikin 1999 ɗin, da aka karkatar da siffarsa zuwa ta shugaban ƙungiyar matsafa, da surkulle da ɗaure mutane a jikin alama, abin da bai ƙara masa kome ba sai ƙyama a wurin masu addini, Kirista da Musulmi. Da ya dawo daga jiyya a 2000 sai ya watsar da siffar matacce ɗungum, ya fito a kan babur da ɗan kwali a ka, yana magana kamar kowa, har kusan shekara huɗu. A duk tsawon shekarun da kamfanin WCW yake zawarcin manyan 'yan wasan McMahon da maƙudan kuɗi, Hogan da waɗansu suka tafi, shi bai gusa ba, har McMahon ya saye WCW ɗin a 2001. Wannan ya sa ya zama dattijon ɗakin shiri, wanda in saɓani ya tashi tsakanin 'yan wasa, ko wani sabon shiga ya yi rashin ladabi, gabansa ake kai ƙara, ya yanke hukunci, galibi tarar abin sha ko wata hidima.

Abin da ya fi ɗaukaka sunansa kuwa babu wanda ya tsara shi tun farko. WrestleMania ita ce babbar haɗuwar kamfanin ta shekara, kuma ya fara cin wasa a cikinta a 1991 a kan Jimmy Snuka. Aka yi ta tafiya, sai bayan shekaru aka farga cewa ba a taɓa rubuta masa faɗuwa a wannan dandali ba. Daga nan abin ya zama jari, har ya kai ga mutane sun fi ɗokin ganin ko za a karya masa wannan silsila a kan ganin wanda zai ɗauki kambu. Triple H ya gwada sau uku, Ric Flair da Randy Orton da Batista da Edge duk sun gwada, haka Kane, wanda a cikin labarin aka ce ƙaninsa ne, alhali ba su haɗa kome ba, sunansa Glenn Jacobs, har ma an zaɓe shi shugaban gundumar Knox a jihar Tennessee a 2018. Karawarsa da Shawn Michaels a 2009, a garinsu Houston, kusan ijma'in masana wasan ne cewa tana cikin mafi kyau da aka taɓa yi, ga shi kuwa dukansu biyu sun haura arba'in. A nan ne hikimar sana'ar take bayyana: kowa a zauren ya san shiri ne, kowa kuma ya kusan tabbata wanda zai ci, amma su biyun suka iya sa mutum dubu saba'in suka manta da saninsu, suna miƙewa tsaye duk lokacin da hannun alƙali ya bugi ƙasa sau biyu.

Silsilar ta kai 21 babu faɗuwa. Ranar 6 ga Afrilu, 2014, a New Orleans, Brock Lesnar ya danne kafaɗunsa, alƙali ya ƙirga uku, zauren ya yi shiru kamar an yi rasuwa. McMahon ne ya yanke wannan hukunci, har yau kuma ana jayayya a kan dacewarsa, domin Lesnar bai bukaci wannan kyauta ba kafin a ji tsoronsa. Abin da 'yan kallo ba su sani ba shi ne tun farkon wasan kan Calaway ya bugu, ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, daga bayan fage asibiti aka wuce da shi, McMahon ya bar taron ya bi shi, kuma ya ce har yanzu ba ya tuna wasan.

A nan ne ya kamata ya tsaya, amma barin sana'ar da ta zama wa mutum suna da fuska ba ƙaramin jihadi ba ne. Tsararrakinsa da yawa ba su kai ga zaɓi ba: Yokozuna ya mutu a 2000 yana da shekara 34, Eddie Guerrero a 2005 yana da 38, Paul Bearer kuma ya rasu a 2013. Shi da Allah ya ja kwanansa, sai ya faɗa cikin wani irin zagaye, in ya yi wasa ya yi kyau ya ce ashe da sauran ƙarfi, in ya ɓaci ya ce ba zai tafi a kan wannan ba. A 2017, bayan Roman Reigns ya kayar da shi a Orlando, yana ɗingishi da ƙugun da ya lalace, ya tuɓe malafa da riga da safar hannu ya ajiye a tsakiyar dandali, mutane suka yi ta kuka suna ban kwana; aka yi masa aikin ƙugu, shekara ta zagayo sai ga shi ya dawo. Mafi muni shi ne wasan Jidda, a ƙasar Saudiyya, cikin Yunin 2019, inda aka haɗa shi yana da shekara 54 da Goldberg mai 52, Goldberg ya bugu a ka tun da wuri, ya ɗaga shi ya kasa riƙewa, ya sako shi kusan a kan wuyansa. Duk wanda ya ga fuskar Undertaker bayan wannan wasa ya ga ɓacin rai wanda ba na kwaikwayo ba.

Annobar korona ce, a fakaice, ta ba shi mafita. Da aka hana taro a 2020, sai aka ɗauki karawarsa da AJ Styles kamar fim, cikin dare, a wani fili da aka shirya kamar maƙabarta, inda ake iya tsayawa a huta a sake ɗauka, aka nuna ta a WrestleMania ta watan Afrilu, ta kuwa sami karɓuwa. Wannan ya sa ya tashi da nasara 25 da faɗuwa 2 a wannan dandali, ga kambun duniya sau bakwai. A cikin shekarar aka fitar da wani shiri mai suna The Last Ride, inda ya zauna a matsayin Mark Calaway, ya nuna tabon aikin da likitoci suka yi masa, ya yi maganar tsoro da shakka, ya kuma ce ba shi da sauran sha'awar komawa. Aka yi masa bikin sallama ranar 22 ga Nuwamba, 2020, shekara talatin cif da fitowarsa ta farko, a zauren da babu ɗan kallo ko ɗaya sai fuskoki a allunan talabijin.

A Afrilun 2022 aka shigar da shi zauren girmamawa na kamfanin, wanda tun 2002 ya koma WWE, a birnin Dallas inda ya fara, McMahon da kansa ya gabatar da shi. Yanzu mutumin da ya yi shekaru yana gudun 'yan jarida ya zama mai yawan zance, yana da shirin hira a intanet, yana kuma zagaya garuruwa yana ba da labaran bayan fage ga masu sayen tikiti, abin da waɗansu tsofaffin masoyansa suke ganin ya rage masa kwarjini. Ya kan leƙo dandali jefi-jefi: a WrestleMania ta 2024, a Philadelphia, an kashe fitilu aka buga ƙararrawa, ya bayyana ya shaƙe The Rock ya maka shi sau ɗaya, aka sake kashe fitilu ya fice, yana da shekara 59.